Gyaran Gida Kafin Saukar Damina

Ruwan sama kan sauka a kudancin Najeriya tun watan Maris, a arewa mai nisa kuwa sai Mayu ko Yuni, inda ya fi ƙarfi a Agusta. Katanga kan rushe ne idan ruwa ya ci gindinta ko ya ratsa ta sama, shi ya sa magina ke son a kammala gyara tun da rani.

Daga rufi ake farawa. Ana sauya kwanon da tsatsa ta huda, a ƙara ƙusa inda iska ta ɗaga. A ginin ƙasa ana sabunta yaɓen soro, a daidaita indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da bango.

Ƙaramar tsagewa a bangon bulo ana kankare ta, a jiƙa wurin, a liƙe da siminti. Wadda ke ƙara faɗi kuwa tana iya nuna matsala a harsashin ginin, sai a kira ƙwararren magini.

A tsakar gida ana yashe magudana, a cike ramuka, domin sauro na ƙyanƙyashewa ya girma a kwantaccen ruwa cikin mako ɗaya zuwa biyu.