Farar Saniya a Ƙasar Dutse: Gadon da Iyaye Suka Tsare

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dutse, ko a Kiyawa, ko Jahun, ko Birnin Kudu, ya san farar saniya mai baƙin baki da baƙaƙen kunnuwa da ƙahoni masu miƙewa sama, wadda ake kira Bunaji. Saboda sabo, da yawanmu mun ɗauka haka kawai ta tsiro a dajinmu kamar kuka ko tsamiya. Alhali kuwa aikin hannun iyalai ne, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna zaɓe suna tacewa, ba tare da alƙalami ko takarda ba.

Idan muka dubi yadda gidan makiyayi yake a da, za mu ga kowa da aikinsa. Maigida shi ke zaɓen bajimin da zai hau garke, kuma ba ya zaɓe sai ya duba uwar maraƙin: yawan nononta, da haƙurinta wajen tatsa, da yadda take jure rani. Sauran mazan sai a fiɗiye su, a sayar wa manoma don huɗa. Uwargida kuwa ita ke da nono, ita ke kaɗa mai, ita ke ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwar Shuwarin ko cikin gari, don haka ta fi kowa sanin saniyar da ke cika ƙwarya. Kowace saniya da sunanta, 'ya'yanta kuma suna gadon sunan, har yaro ɗan shekara goma yana iya lissafa maka kakannin karsana. Da rani a sauka a gonakin manoma a ci kara da harawa, a bar musu taki. Wannan zumunta ce ta riƙe gonakinmu tun kafin zuwan takin zamani.

Wannan gado bai iso gare mu da sauƙi ba. A wajajen 1890 annobar bushiya ta ratsa ƙasar Hausa ta kashe mafi yawan shanu, har wasu gidaje suka wayi gari babu ko maraƙi. Daga 'yan tsirarun da suka tsira aka sake tayar da garkuna. Bayan haka ga jangali a zamanin En'e, ga farin 1973, sannan bushiyar ta sake dawowa a 1983. Sai a 2011 aka tabbatar da kawar da cutar daga duniya baki ɗaya. Duk da haka, ƙidayar dabbobi ta 1990 ta nuna Bunaji ta haura kashi ɗaya cikin uku na shanun Nijeriya.

Hukuma ma ta gane darajar wannan iri. An kafa gonar Shika kusa da Zariya a 1928 domin inganta shanun gida, ita ce kuma ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a 1976, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A nan maƙwabciyarmu Birnin Kudu, Gwamnatin Jihar Arewa ta riƙe garken Bunaji zalla, inda ake auna nonon kowace saniya ana rubutawa, har masana suka yi nazari a kan bayanan. Abin da tsofaffinmu ke yi da ido da ƙwaƙwalwa, shi aka yi a can da sikeli da littafi.

Daga baya aka shigo da shanun Turai irin su Firisiyan, 'yan asalin ƙasar Holan, waɗanda a can kowace ke ba da fiye da lita 20 a rana, alhali tamu a ruga lita ɗaya ko biyu ake samu bayan maraƙi ya sha. Amma zafinmu da kaska da ƙarancin abinci a rani ba su bar baƙuwar ta sake ba. Darasin da aka koya shi ne, ruwa-biyu, wato 'yar Bunaji da Firisiyan, ita ta fi dacewa da mu: tana ɗaukar nono daga wajen uba, juriya daga wajen uwa. Ke nan idan babu tsantsar Bunaji, ruwa-biyun ma ba za a samu ba.

A nan ne damuwarmu take. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, gari ya faɗaɗa, gonaki sun matse burtali. Bajimai mafi kyau su ake fara kaiwa kasuwa idan Sallah ta ƙarato, a bar garke da duk wanda ya rage. Matasa kuma da yawa ba su riƙe sunayen shanun iyayensu ba.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu da ta zauna da ardo-ardo da dattawan rugage, a rubuta asalin garkunan da suka rage tun masu sani suna raye. A taimaki gidajen da ke riƙe da bajimai nagari don kada buƙata ta sa su rabu da su, a kuma haɗa kai da hukuma wajen tsare burtali da mashaya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci garkunanmu da gonakinmu, amin.