Daga Makarantar Shari'a zuwa Ƙamusun Hausa: Taƙaitaccen Tarihi domin Tsofaffin Ɗaliban Jami'ar Bayero

Al'ada ce ta jami'o'i su riƙa aika wa tsofaffin ɗalibansu labarin gida, watau wane gini aka ɗaga, wane malami ya sami girma, ɗalibai nawa suka fita. Wannan abu ne mai kyau, amma gini ba shi ne jami'a ba. Abin da ya kamata a auna makaranta da shi, shi ne aikin ilmin da ta bar wa jama'a. Saboda haka a wannan takarda za mu bi asalin Jami'ar Bayero a taƙaice, sa'an nan mu tsaya a kan aiki guda wanda ya cancanci kowane tsohon ɗalibi ya san labarinsa.

Tushen abin ya faro ne a 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A wannan shekara aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano, aka ɗauko shehunnai daga Sudan su koyar. A 1947 aka faɗaɗa ta, ta zama Makarantar Nazarin Larabci. A cikinta ne aka kafa Kwalejin Ahmadu Bello a 1960. Da aka buɗe jami'a a Zariya a 1962 aka ba ta sunan Sardauna, sai kwalejin Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen jami'ar Zariya. A 1964 ta ɗauki ɗalibanta na farko masu neman digiri, su goma kacal, a tsohon masaukin baƙi na filin jirgin sama, ƙarƙashin shugabancin Shehun Malami Abdullahi Ɗayyib, mutumin Sudan. Suka gama a 1966. A 1975 ta zama kwalejin jami'a, a 1977 kuwa ta tsaya da ƙafafunta, Dokta Mahmud Tukur ya zama shugabanta na farko.

To, mai karatu ya lura, makarantar da aka kafa domin Larabci da shari'a ita ce ta zama ɗaya daga cikin manyan gidajen nazarin Hausa. A 1969 aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a kwalejin. Daga nan mujallar Harsunan Nijeriya ta riƙa fitowa. Malam M. K. M. Galadanci ya fitar da littafinsa na nahawun Hausa a 1976. Malam Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasanni domin 'yan makaranta, daga baya ya rubuta Hausa a Rubuce a 1988. Malam Ɗandatti Abdulƙadir, wanda ya yi nazarin waƙar baka, har shugabancin jami'ar ya riƙe.

Amma babban aikin shi ne ƙamus. Kafin wannan lokaci manyan ƙamusoshin Hausa biyu ne, na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949. Dukansu aikin ƙwarai ne, sai dai da Turanci suke fassara kalma, watau an yi su ne domin baƙon da ke koyon Hausa. Ko Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci, wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka shirya a Cibiyar aka buga a 1977, a kan wannan hanya ya bi. Bahaushen da bai ji Turanci ba, ba shi da inda zai duba ma'anar kalmar harshensa.

Bayyana Hausa da Hausa kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Ɗauki kalmar fari. A rubuce siffa ɗaya ce, amma a baki kalmomi uku ne: akwai launi, akwai rashin ruwan sama, akwai mafarin abu. Abin da ya raba su shi ne karin sauti da tsawon wasali, alhali rubutun yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Dole mai ƙamus ya ware kowace, ya ba ta ma'ana da kalmomin da suka fi ta sauƙi, ba tare da ya yi ta kewaye wuri guda ba. Ga kuma bambancin karin harshe, abin da Bakano ya ce ba lalle ne Basakkwace ko Badamagare ya faɗe shi haka ba. Bayan shekaru masu yawa ana wannan fama, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006.

Sai dai harshe ba ya tsayawa ya jira ƙamus. Tun daga 2006 kalmomin waya da intanet da sha'anin banki sun shigo da yawa, kalmomin rini da saƙa da dukanci kuwa suna tafiya tare da tsofaffin da suka san su. A nan ne tsofaffin ɗalibai ke da rabo a aikin. A cikinsu akwai alƙali da likita da malamin gona da ɗan jarida, kowa da kalmomin sana'arsa da na garinsu. In kowannensu ya rubuta abin da ya ji, da ma'anarsa, da inda ya ji shi, ya aika wa masu wannan aiki, lalle bugu na gaba zai fi na farko cika.