Aiki da Rana, Karatu da Dare: Tarihin Ma'aikaci Ɗalibi a Khartum

Gabatarwa

Alhilla Kuku unguwa ce a ƙetaren Shuɗin Nilu daga tsakiyar Khartum. Ta yi suna da kiwon shanun madara, kuma a nan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan take da tsangayar likitancin dabbobi. Injiniyan da ke zaune a irin wannan unguwa, ga iyali ga aikin yini, idan ya ƙudurci yin digiri na biyu, abin da ke gabansa shi ne yadda zai ƙaro ilimi ba tare da ya saki hanyar abincinsa ba. Wannan matsala ta girmi intanet da shekaru masu yawa.

Gadon mahajjata

Hausawan Sudan sun san haɗa nema da karatu tun zuwansu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Mahajjatan ƙasa kuwa sukan shafe shekaru a hanya, suna yada zango su yi ƙodago don tara guzuri. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka ja da yawansu. Gardi yakan yini a gona ko a kasuwa, da dare ya ɗauki allo a gefen wuta. Lokacin karatu, tun a wancan zamani, daga barci ake gutsuro shi.

Ajin yamma

Ilimin zamani ya fara da sharaɗin zaman aji da rana. Kwalejin Tunawa da Gordon, wadda aka buɗe a 1902, ita ce ta zama Jami'ar Khartum a 1956, kuma gurabenta kaɗan ne. A 1955 Jami'ar Alƙahira ta buɗe reshe a Khartum, wanda ya shahara da darussan yamma. Akawu da malamin makaranta sukan tashi daga aiki su wuce aji. Sai dai manyan fannonin reshen su ne shari'a da adabi da kasuwanci, waɗanda littafi da lacca suka wadatar. Aikin injiniya yana bukatar ɗakin gwaji da injuna, don haka ya fi wuyar ɗauka a saurare. A 1993 gwamnatin Sudan ta karɓi reshen, ya koma Jami'ar Nilain.

Karatu daga nesa

A Amurka an samo wa injiniyoyi hanyar warware wannan ƙulli. Jami'ar Stanford ta fito da tsari a 1954 wanda ya ba ma'aikatan kamfanoni damar yin digiri na biyu suna bakin aiki. A 1969 ta soma aika musu darussa ta talabijin, sannan a 1998 ta buɗe cikakken digiri na biyu a injiniyancin lantarki ta intanet. Kwamfuta ce ta sauƙaƙa lamarin, domin ana iya kwaikwayon gwaje-gwaje da yawa a kanta. Sudan ta bi sahun karatu daga nesa da kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan a 2002, wadda ta dogara da littattafai da rediyo da cibiyoyin karatu a jihohi.

Shingayen hanya

Buɗewar ƙofa a wata ƙasa ba ta nufin mutumin Khartum ya samu shiga. A farkon 2014 dandalin Coursera ya toshe ɗaliban Sudan saboda takunkumin Amurka, wanda ba a ɗage yawancinsa ba sai a Oktoban 2017. A Yunin 2019 hukumomi suka katse intanet na wayar hannu fiye da wata guda. Ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF, aka rufe jami'o'in babban birnin, aka lalata gine-gine da dama, miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Daga baya jami'o'i, har da ta Khartum, suka ci gaba da koyarwa ta intanet, suka buɗe cibiyoyin jarrabawa a wasu jihohi da ƙasashen waje. Hanyar da a da ake ɗauka ta ma'aikaci ce kaɗai, sai ta zama madogarar kowane ɗalibi.

Kammalawa

Kowane mataki a wannan tarihi ya rage nisa tsakanin ma'aikaci da malami, amma babu wanda ya ƙara sa'a ɗaya a yini. Injiniyan Alhilla Kuku yana bukatar wutar lantarki, da layin sadarwa, da kuɗin makaranta, da zaman lafiya, sannan da juriyar da kakannin Hausawan Sudan suka yi karatu da ita bayan sun dawo daga gonakin Jazira.