Sailor Moon da Tarihin Yarinya Mai Sihiri a Zanen Japan

Gabatarwa

A ranar 7 ga Maris, 1992, gidan talabijin na TV Asahi da ke Tokyo ya fara nuna wani shirin zane mai motsi mai suna Sailor Moon, wanda kamfanin Toei ya shirya. Jarumar shirin, Usagi Tsukino, ɗaliba ce 'yar shekara 14. A kashi na farko ta makara zuwa makaranta, ta dawo gida da maki 30 a jarrabawa, mahaifiyarta ta fusata ta rufe mata ƙofa. A wannan rana ce wata kyanwa mai magana, Luna, ta ba ta abin maƙalawa a ƙirji wanda ke mayar da ita mayaƙiya. Da ta yi arba da dodon farko sai ta zauna ta fashe da kuka, kuma ƙarar kukan ce ta rikita abokan gaba har ta samu sa'a. Wannan haɗi na raha da faɗa shi ne ya sauya alƙiblar wani rukunin labari da ya riga ya shekara fiye da ashirin a ƙasar Japan.

Asalin Rukunin

Japanawa suna kiran wannan rukuni da sunan da ke nufin yarinya mai sihiri. An fi danganta mafarinsa a talabijin da shirin Sally na 1966, wanda Toei ya ɗauko daga zanen Mitsuteru Yokoyama. Sally gimbiya ce daga duniyar sihiri da ta zo ta zauna cikin mutane tana ɓoye asalinta. A 1969 aka nuna Akko-chan na Fujio Akatsuka, labarin yarinyar da ke da madubin da ke sauya mata kama zuwa duk wanda ta so. A 1983 kuma Creamy Mami ya zo da 'yar shekara 10 da ke rikiɗa ta zama budurwa mawaƙiya. A duk waɗannan, amfanin sihiri shi ne warware matsalar gida da ta makaranta, ko cika wa yarinya burinta na girma da wuri. Da wuya a ga abokin gaban da za a gwabza da shi.

Faɗa kuwa na yara maza ne. A 1975 Toei ya fara shirya jerin Super Sentai, inda mayaƙa biyar, kowa da launin tufarsa, ke haɗuwa su kayar da sabon dodo kowane mako. Akwai Cutie Honey na Go Nagai a 1973, mace mai rikiɗa kuma mai faɗa, amma da maza aka yi niyyar jan hankali da shi. Saboda haka kasuwar ta rabu gida biyu: madubi da sandar sihiri ga 'yan mata, naushi da ƙungiya ga samari.

Naoko Takeuchi

Wadda ta haɗe waɗannan hanyoyi biyu ita ce Naoko Takeuchi, wadda aka haifa a 1967 a birnin Kofu, ta kuma yi karatun haɗa magunguna kafin ta duƙufa ga zane. A 1991 ta fitar da labarin Sailor V, wata ɗaliba mai yaƙi da miyagu ita kaɗai. Da aka yi shawarar mayar da shi shirin talabijin, sai aka faɗaɗa shi ya zama ƙungiyar 'yan mata biyar, aka fara buga shi a mujallar Nakayoshi ta kamfanin Kodansha a ƙarshen 1991. Kayan yaƙinsu an tsara su ne bisa rigar makarantar 'yan matan Japan, mai faffaɗar kwala irin ta matuƙan jirgin ruwa, daga nan ne sunan shirin ya samo asali.

Sunayen ma suna da ma'ana. Usagi Tsukino, in aka faɗe shi bisa tsarin Japananci, yana nufin zomon wata, domin a al'adarsu duhun da ake gani a fuskar wata hoton zomo ne. Ami Mizuno tana ɗauke da kalmar ruwa, Rei Hino wuta, Makoto Kino itace, Minako Aino kuwa soyayya. A 1993 labarin ya ci kyautar Kodansha a ɓangaren zanen 'yan mata.

Yadda Raha Ta Shigo

Mujallar tana fitowa sau ɗaya a wata, shirin talabijin kuwa kowane mako. Ma'aikatan Toei, ƙarƙashin darakta Junichi Sato, sun samu kansu da makonni masu yawa da babu labarin da za su ɗauko daga littafi. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana: sai suka cike giɓin da ƙananan labarai na rayuwar yau da kullum a unguwar Azabu-Juban ta Tokyo. Dodanni suka riƙa ɓuya a shagon sayar da sarƙoƙi, da gidan motsa jiki, da makarantar ƙarin darasi, wato wuraren da ɗalibai suka sani. A littafi, Makoto ta bayyana a babi na 5, amma a talabijin sai a kashi na 25. Rei, wadda a littafi mai kamun kai ce, a talabijin ta zama abokiyar cacar bakin Usagi. Ita Usagi ba ta daina son barci da ci da kuka ba.

Amfanin wannan raha ya fito a watan Fabrairun 1993. A kashi na 45, ƙawayen nan huɗu suka faɗi ɗaya bayan ɗaya a ƙurewar arewacin duniya mai ƙanƙara, kan hanyarsu ta fuskantar Sarauniya Beryl. Masu kallon da suka kusan shekara suna dariyar rigimarsu kan samari da jarrabawa su ne suka ga mutuwarsu, shi ya sa abin ya yi nauyi. A kashi na 46 Usagi ta yi nasara, kuma abin da ta roƙa a ƙarshe shi ne ta koma rayuwarta ta da, mai makara da faɗuwa jarrabawa. Duka suka dawo da rai ba tare da tuna abin da ya faru ba. Ashe rayuwar da aka yi ta yi wa dariya ita ce abin da ake yaƙi domin a kare.

Bazuwa da Tasiri

Shirin ya ci gaba har zango biyar, kashi 200, ya ƙare a watan Fabrairun 1997, littafin kuma ya kai juzu'i 18. Kamfanin Bandai ya yi ta sayar da sanduna da madubai irin na jaruman, abin da ya taimaka wajen ɗorewar shirin. Faransa ta fara nuna shi a 1993. A 1995 kamfanin DiC ya fitar da na Ingilishi ga Amurka da Kanada, ya sauya sunan Usagi zuwa Serena, ya kuma dunƙule kashi na 45 da na 46 suka zama ɗaya, aka yanke su yadda yara za su ɗauka kama 'yan matan aka yi.

Bayan haka tsarin ƙungiya mai yaƙi ya zama ruwan dare a rukunin. A 2004 Toei ya fara Pretty Cure, ya danƙa shi ga Daisuke Nishio, daraktan Dragon Ball Z, inda 'yan mata biyu ke faɗa da hannu da ƙafa. Jerin yana sabuntawa kowace shekara. A 2011 Madoka Magica, mai kashi 12, ya ɗauki tambayar da kashi na 45 ya taɓo, wato me yarinya ke biya idan ta karɓi irin wannan ƙarfi. A 2014 aka sake yin Sailor Moon da sunan Crystal, aka bi littafi sau da ƙafa, aka rage ƙananan labaran barkwanci.

Kammalawa

Kafin 1992 yarinya mai sihiri ba ta cika fita fagen fama ba, mai fita fagen fama kuwa namiji ne ko macen da aka zana domin maza. Takeuchi da ma'aikatan Toei sun ba 'yan mata yaƙin, suka bar musu ƙawayensu da kwalliyarsu da rauninsu. Ƙarancin labari ne ya tilasta yawan raha a shirin, rahar kuma ita ce ta sa masu kallo suka saba da 'yan matan biyar har suka ji zafin rasa su.