Yadda Gayya Ta Riƙe Dausayin Haɗejiya da Nguru

Idan daga Tsaskiya ko Batsari kake, da an ce farauta dajin Rugu ne zai faɗo maka a rai. To akwai wata farautar a cikin ruwa, can gabas, a dausayin Haɗejiya da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe. Maharba sun daɗe suna bin ɗinya da kirinjijiya a wurin, kuma duk hunturu agwagin ruwa daga Turai sukan ƙetaro Sahara su sauka.

Ambaliya ce ran wannan wuri. Ruwa ya malale da damina, ya janye da rani, kifi ya hayayyafa, ƙasa ta sha iska. Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992. Ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan har cikin rani. Abin da ciyawar kacala ke so ke nan: ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tare laka, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Agwagi suka rasa sararin sauka, jan baki masu cinye gero da shinkafa suka samu maƙwanci.

Manya sun leƙo. An fara shirin kare dausayin a 1987, Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, a shekarar 2000 kuma tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Amma ka san takarda ba ta yankan ciyawa.

Masunta da manoma ne suka riƙa fitowa gayya, ƙauye da ƙauye, da adduna da lauje da kwalekwale, ba albashi. Dabarar ita ce a yanke kacala a ƙarƙashin ruwa. Ta ganye take kai iska zuwa saiwa, don haka idan kututturen ya nutse, sai ta shaƙe. Yankan sama kuwa aski ne kawai, za ta sake tofowa.

Kar ka ɗauka don tsuntsaye suke yi. Kifi da shinkafa suke nema, da hanyar kwalekwale zuwa kasuwa. Sai dai mashigar da suka buɗe ita ce ke kai ruwa tafkunan da masu ƙidayar tsuntsaye ke zagayawa duk watan Janairu.