Delta: Daga Ƙofar Finikiya zuwa Allon Almajiri

A Kaduna mun daɗe muna jin kalmar Delta, a labaran rediyo ko a bakin direbobin tanka, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi asalinta ba. Ashe 'yar gida ce da ta yi dogon bulaguro.

Mu koma baya shekaru kusan 3,000, gaɓar tekun da Labanan take a yau. Finikiyawa, fataken ruwa, suna da harafi na huɗu da suke kira dalet, ma'anarsa ƙofa. Wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Girkawa suka ari haruffan nan, harshensu ya murɗa sunan ya koma delta, ma'anar ƙofa ta ɓace, siffar ta tsaya alwatika. Da Girkawa suka dubi yadda Kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku, sai suka ga harafinsu shimfiɗe a ƙasa. Masanin tarihi Hirodotus ya yi amfani da sunan a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya Turanci ya gaje shi ya laƙaba wa bakin kowane kogi mai rassa.

Kwara, wato Kogin Neja, ta daɗe tana ruɗa Turawa. Sai a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi ta a kwalekwale har teku, aka tabbatar cewa fadamun da ke gaɓar tekun bakinta ne. Sunan Neja Delta ya zauna. Mu kuwa ta bututu ya iso mana: matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, can tsallaken kogin Kaduna, daga Escravos da ke Neja Delta aka riƙa turo mata ɗanyen mai. A 27 ga Agusta 1991 Janar Babangida ya raba jihar Bendel, harafin Girka ya zama jiha mai hedikwata a Asaba.

Zamanin korona ne ya ɓata wa kalmar suna. A Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma kiran nau'o'in cutar da haruffan Girka don a daina jingina su ga ƙasashe, wanda aka fara gani a Indiya ya zama Delta. Dabara ce mai kyau, sai dai ba a yi lissafi da mu masu jiha mai wannan suna ba.

Abin da ya fi burge ni yana makarantar allo. Dal ɗin da yaro ke rubutawa da tawada a Unguwar Shanu ko Kawo daga tsatson dalet ya fito. Malaman hisabi na jera abajada: alif, ba, jim, dal, Girkawa na cewa alfa, beta, gama, delta. A lissafin malam dal 4 ne, a na Bagirke ma delta 4 ne.