Daga Makarin Dafi Zuwa Ƙunshin Soja: Tarihin Tsaida Jini a Fagen Fama da Darasinsa ga Ƙasar Haɗeja

Masu rubuta tarihin yaƙe-yaƙe sun fi mai da hankali ga wanda ya ci da wanda aka ci. Ba safai sukan waiwayi mutumin da ya faɗi da rauni ba, alhali kuwa a 'yan mintocin da ke biye da sara ko harbi ne ake rabewa tsakanin mai komawa gida da wanda za a binne a daji. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin sawun yadda aka yi ta fama da zubar jini a fagen daga, tun daga zamanin mazan jiya na ƙasar Haɗeja har zuwa ƙunshin agajin farko na sojan yau, sa'an nan a duba abin da mutanen fadama irin na Kirikasamma za su ƙaru da shi.

Zamanin kibiya da takobi

A ƙarni na 19 Haɗeja ta yi suna wajen yaƙi, musamman a zamanin Sarki Buhari, wanda ya gamu da ajalinsa a 1863 wajen yaƙi da Badawa a Gogaram. Idan aka dubi shirin mayaƙin wancan lokaci za a ga kusan dukkansa na kariya ne kafin rauni: sulke da lifidi da kwalkwali da garkuwa, ga kuma layu da guraye da maganin ƙarfe. Abin da aka fi tsoro shi ne kibiya mai dafi, wadda akan haɗa dafinta da ƙwanƙwani, tsiron da ke tsaida bugun zuciya. Don haka maharba suka ƙware wajen makari. Har a yaƙin Burmi na 1903 kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, shugaban rundunar Turawa.

Ta fuskar zubar jini kuwa, akwai wanzamai da maɗora. Sukan danne rauni, su ɗaure da tsumma, su barbaɗa garin bagaruwa, wani lokaci su yi lalas da ƙarfe mai zafi. Waɗannan dabaru na da amfani ga ƙaramin rauni, gama bagaruwa na tsuke nama, dannewa kuwa har gobe ita ce tushen aikin. Amma idan takobi ya yanke babbar jijiyar cinya, mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintoci, domin jinin baligi duka bai wuce kimanin lita 5 ba. Kafin a nemo wanzami a bayan daga, mai aukuwa ta auku.

A watan Afrilu na 1906 rundunar Turawa ta auka wa birnin Haɗeja da igwa da bindiga mai ruwa, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'a masu yawa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Daga ranar ta tabbata cewa lifidi ba ya tare harsashi, kuma raunin harsashi dabam yake da na mashi, don yakan shiga ta wani wuri ya fita ta wani, ya farfasa ƙashi da jijiya a tsakani.

Yadda ƙunshin ya samu

Turawa ma sun daɗe cikin duhu game da wannan al'amari. Har ƙarni na 16 likitocinsu tafasasshen mai suke zuba wa raunin bindiga, sai da Ambroise Paré na Faransa ya daina haka, ya kuma yaɗa dabarar ɗaure jijiya da zare maimakon ƙona ta. A 1718 wani Bafaranshen, Jean-Louis Petit, ya ƙera maɗaurin tsaida jini mai abin murɗawa, wanda ke matse hannu ko ƙafa har jini ya daina wucewa. A 1867 Joseph Lister ya nuna cewa tsabtace rauni daga ƙwayoyin cuta na hana shi ruɓewa.

Babban juyi ya zo ne daga Friedrich von Esmarch, likitan sojan Jamus, wanda a 1869 ya yi kira da a bai wa kowane soja bandejinsa, a kuma koya masa ɗaurawa. Hujjarsa mai sauƙi ce, watau likita ba zai taɓa kasancewa kusa da kowane mai rauni ba, amma shi mai raunin da abokinsa kullum suna wurin. Zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya kowane sojan Ingila na ɗauke da ƙunshi a aljihu na musamman cikin rigarsa, mai bandeji biyu, ɗaya don mashigar harsashi, ɗaya don mafitarsa. Ƙa'ida kuwa ita ce a yi wa mutum ɗauri da nasa ƙunshin, mai taimako ya bar nasa don kansa.

Ta hanyar rundunar Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya kafa a 1897, wannan tsari ya iso ga 'yan Arewa. Sun yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sa'an nan a Yaƙin Duniya na Biyu aka kai su Gabashin Afirka, aka kuma kai runduna ta 81 da ta 82 ƙasar Bama tsakanin 1943 da 1945. A kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, ta sama ake jefo musu abinci, masu rauni kuwa a kafaɗa ake ɗaukarsu zuwa inda ƙaramin jirgi zai iya sauka. A irin wannan wuri ɗaurin farko shi ne asibitin soja na sa'o'i da dama. Sunayen barikoki irin su Chindit a Zariya da Myohaung a Ikko tunawa ce da wannan yaƙi.

Faɗuwar maɗauri da dawowarsa

Abin mamaki shi ne, a mafi yawan ƙarni na 20 likitocin soja sun ƙyamaci maɗaurin tsaida jini. Dalili kuwa, a yaƙe-yaƙen duniya akan ɗaura shi a manta, mai rauni ya kwana bai kai asibiti ba, ƙafa ta mutu a yanke ta. Sai aka riƙa koyar da cewa kada a taɓa shi sai dabara ta ƙare. Ta haka aka tsirar da ƙafafu, aka yi hasarar rayuka.

Faɗan Mogadishu na 1993 ya sa sojan Amurka suka sake tunani, a 1996 suka fito da sabuwar koyarwa wadda ta sa tsaida jini gaba da komai. Daga 2005 aka fara bai wa kowane sojansu maɗauri na zamani wanda mutum ke iya ɗaura wa kansa da hannu ɗaya, a 2008 kuma aka ƙara bandeji mai sinadarin farar ƙasa da ke saurin daskarar da jini. Wani bincike da aka buga a 2012 kan sojoji 4,596 da suka mutu a Iraƙi da Afganistan tsakanin 2001 da 2011 ya nuna kashi 87 cikin 100 sun cika tun ba su kai asibiti ba. Kimanin kashi 24 cikin 100 na waɗannan ana iya cetonsu, kuma tara cikin gomansu zubar jini ce ta kashe su.

Koyarwar yau a taƙaice ita ce: a danne rauni da ƙarfi ba sassautawa, idan yana da zurfi, kamar a matsematsi ko hammata, a cusa bandeji har ƙasa a ci gaba da dannewa, idan jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, a sa maɗauri mai faɗi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokaci, kada kuma a kwance sai a hannun ma'aikacin lafiya. An tabbatar cewa gaɓa na iya jure kimanin sa'a biyu ba tare da ta lalace ba. Siririyar igiya ko waya ba ta yin wannan aiki, sai dai ta yanke nama.

Darasi ga mutanen fadama

Kirikasamma, wadda ke cikin masarautar Haɗeja a Jihar Jigawa, ƙasa ce ta noman shinkafa da su da kiwo. Raunin lauje da adda da injin casa ba baƙo ba ne, ga haɗarin babur da mota, ga rikicin manoma da makiyaya da kan tashi lokacin kaka, inda har yanzu akan ga sara da harbin kibiya. In kogi ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a 2020 da 2022, ƙauyuka da yawa sai da kwalekwale ake fita daga cikinsu. Ke nan halin manomin fadama da adda ta sare shi bai bambanta da na sojan Kaladan ba: asibiti na nesa, jini kuwa ba ya jira.

Abin da tarihi ya nuna shi ne, ceto ya ƙaru ne a duk lokacin da aka matso da kayan aiki da sani kusa da mai rauni. Wannan ba ya bukatar gini ko na'ura mai tsada. Ma'aikatan ƙananan hukumomi da na lafiya na iya tanadar bandeji da maɗauri a ɗakunan shan magani da tashoshin mota da na jiragen ruwa, su haɗa kai da ƙungiyar Red Cross wajen horar da direbobi da 'yan acaɓa da malaman makaranta da wanzamai, waɗanda tun fil azal su ake kira idan jini ya zuba. Ɗalibai kuma su mai da wannan sani gida cikin harshen da iyayensu ke ji. Allah Shi ke raya wanda Ya so, amma Ya sanya sababi a hannun wanda ke tsaye kusa da mai rauni.